Agogon gashi da agogon talla: yadda ake sayar da maganin sanƙo kafin a san ko yana aiki

A 2024 masu bincike daga Jami'ar Sheffield ta Ingila da Jami'ar COMSATS ta Pakistan suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun shafa wa ɓeraye man da aka haɗa da wani nau'in sukari da jiki kansa yake sarrafawa, sai gashin ɓerayen ya tsiro kusan yadda yake tsirowa idan an shafa musu minoxidil. Labari ya zaga duniya cewa an samo maganin sanƙo a cikin sukari, kuma ba a jima ba kwalabe masu ɗauke da sunan sinadarin suka cika kasuwannin intanet. A wancan binciken babu kan ɗan Adam ko ɗaya da aka shafa wa man.

Gaskiyar da irin wannan labari yake rufewa gajeruwa ce. Ga sanƙon gado, wanda shi ne yake damun mafi yawan maza da mata da dama, magunguna biyu kacal Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da su cikin kusan shekara arba'in: minoxidil na shafawa a 1988, da ƙwayar finasteride a 1997. Dukkansu ma ba don gashi aka ƙirƙire su ba. Minoxidil maganin hawan jini ne da kamfanin Upjohn ya fitar a 1979, sai aka lura masu shan sa suna fitar da gashi har a goshi da bayan hannu. Finasteride kuwa kamfanin Merck ya fara sayar da shi ne a 1992 don kumburin wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wadda ake kira furostet, kafin a rage ƙarfinsa daga miligiram 5 zuwa miligiram 1 a sa masa suna Propecia. To idan abin da aka tabbatar bai wuce biyu ba, me ya sa kusan kowane wata ake shelar na uku? Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin lokacin da gashi yake buƙata kafin ya nuna canji, da lokacin da mai talla yake buƙata kafin ya karɓi kuɗi.

Kan mutum yana ɗauke da saiwoyin gashi kimanin 100,000, kuma kowace saiwa tana bin nata zagayen ba tare da ta jira maƙwabciyarta ba. Takan yi shekara 2 zuwa 6 tana fitar da gashi, wajen santimita ɗaya a wata. Daga nan sai ta tsuke cikin mako 2 zuwa 3, ta huta kamar wata 3, tsohon gashi ya faɗi, sabo ya biyo baya. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin kai yana girma, sauran yana hutu. Shi ya sa zubewar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Abin riƙewa a nan shi ne, gashin da kika gani a mataji yau ya daina girma tun wata uku da suka wuce. Duk abin da aka shafa jiya ba shi ya zubar da shi ba, kuma ba shi zai hana shi zuba ba.

A nan kasuwa take samun ƙofa mafi faɗi. Akwai wata irin zubewar gashi da take biyo bayan girgizar da jiki ya sha: haihuwa, zazzaɓi mai zafi irin na cizon sauro ko taifod, tiyata, ramewa ta farat ɗaya, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ko tashin hankali mai tsanani. Girgizar takan tura gashi masu yawa hutu a lokaci guda, sai su zubo tare bayan wata 2 zuwa 3. Mai jego ta gama wanka, ta yi arba'in, ta koma ɗakinta, sannan ne gashi yake fara cika mataji. Galibi wannan zubewar takan tsaya da kanta cikin wata shida. Amma yaushe mutum yake sayen magani? Lokacin da zubewar ta kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da ta kusa fara sauka. Ta sayi mai a wata na huɗu, a wata na bakwai gashi ya dawo, sai ta rantse man ne ya yi aiki. Ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Sai dai da ruwan rijiya ta shafa ma gashin zai dawo. Mafi yawan shaidar da ake ɗorawa a ƙarƙashin talla daga irin waɗannan mutanen take fitowa, kuma mai sanƙon gado da ya karanta ta ya saya ba ciwonsu ɗaya ba.

Yanayi ma yana taya su. Bincike a Turai ya nuna gashi ya fi zuba a ƙarshen lokacin zafi zuwa kaka. A Amurka watan Agusta ne aka keɓe don wayar da kai kan zubewar gashi, ga kuma rangwamen ƙarshen Nuwamba da alkawuran sabuwar shekara a Janairu. Wanda ya fara shafa mai a Satumba zai ga sauƙi a Disamba ko man na aiki ko ba ya yi. A wajenmu kuma tallan man gashi ya fi zafi gab da sallah da lokacin bukukuwa, da alkawarin mako biyu ko uku, alhali a mako uku gashin da ya fi kowane lafiya bai kai santimita ɗaya ba.

Abin takaicin shi ne, wannan agogon da yake fito da maganin banza, shi ne kuma yake ɓata wa na gaskiya suna. Minoxidil yana tayar da saiwoyin da ke hutu, sabon gashi ya turo tsohon waje, don haka tsakanin mako na 2 da na 8 mutane da yawa sukan ga zubewa ta ƙaru. Nan wasu suke jefar da kwalba su ce ta ƙara musu sanƙo. Ba a fara ganin amfaninsa sai bayan wata 4 zuwa 6, ba a kuma yanke masa hukunci sai ya cika shekara. Kamfanin da ya ce a mayar masa da kaya cikin kwana 30 ko 60 idan ba a gamsu ba ya san wannan lissafin sarai: wa'adin yana ƙarewa kafin kai ya iya ba da amsa.

Akwai agogo na biyu, na kamfani, kuma shi ne yake haifar da kanun labarai. Sabon magani yakan bi matakai uku na gwaji a jikin mutane. Na farko mutane kaɗan ne, ana duba ko yana cutarwa. Na biyu gommai ko ɗaruruwa, ana neman alamar aiki da adadin da ya dace. Na uku ɗaruruwa zuwa dubbai, a nan ake tabbatarwa. Kowane mataki yana cin maƙudan kuɗi, ƙaramin kamfani kuma daga masu zuba jari yake samo su. Saboda haka sanarwar da take fita bayan mataki na biyu ba don mai sanƙo aka rubuta ta ba, don mai jari aka rubuta ta. Mu dai mun tsince ta ne a hanya.

Misali na kusa shi ne PP405, man shafawa na kamfanin Pelage da ya samo asali daga binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. Tunanin da ke bayansa mai kyau ne, wato farkar da ƙwayoyin halittar da suka yi barci a cikin saiwa. A 2025 kamfanin ya sanar cewa kashi 31 cikin 100 na mazan da sanƙonsu ya yi nisa sun samu ƙarin yawan gashi sama da kashi 20 cikin 100 a mako na takwas. Amma mutum 78 ne duka a gwajin, maza da mata, babban abin da aka tsara aunawa shi ne rashin cutarwa, kuma wannan kashi 31 ɗin daga wani ɓangare ne na mahalarta, ba dukkansu ba. Wannan bai sa maganin ya zama ƙarya ba. Yana nufin dai tukunya ba ta nuna ba tukuna. Duk da haka tuni aka fara tallan kwalabe da sunansa a intanet, alhali kamfanin bai fitar da shi kasuwa ba. Wanda ya sayi irin wannan bai san abin da yake shafawa ba.

Sai maganar kaso, wadda a nan ne mai karatu ya fi shan ruɗi. A gwajin maganin gashi ana aske wani ɗan fili a kai, a yi ɗigon tawada a fata don a riƙa dawowa wuri ɗaya, a ɗauki hoto da na'ura, a ƙirga gashi ɗaya bayan ɗaya. Ana raba mutane biyu: wasu a ba su magani, wasu a ba su fanko, wato kwalba iri ɗaya amma babu sinadarin a ciki. A ƙarshen 2025 kamfanin Cosmo ya sanar cewa man clascoterone ya fi fanko da kashi 539 cikin 100 a gwaji ɗaya, da kashi 168 a na biyu. Adadin ya yi ƙara, amma kaso ne a kan abin da fanko ya yi. A ɗauka, don misali kawai, masu fanko sun ƙaru da gashi 2 a kowane murabba'in santimita, masu magani kuma 12. Za a ce magani ya fi da kashi 500, alhali bambancin gashi 10 ne a filin da kai mai lafiya yake ɗaukar fiye da 100. Idan ma fanko ya tashi daga 2 zuwa 4, kason ya faɗi ƙasa da rabi ba tare da maganin ya canza ba. Tazarar da ke tsakanin 539 da 168 a gwaji biyu na magani ɗaya ta isa ta nuna cewa kaso ba ma'auni ne mai tsayawa da ƙafarsa ba. Kwatanta da yadda aka ba da sakamakon finasteride: maza 1,553, da'ira mai faɗin inci ɗaya, bambancin gashi 107 da masu fanko bayan shekara ɗaya, 138 bayan shekara biyu. Wannan lissafi ne da kowa zai iya riƙewa. Duk sanarwar da ta ba ka kaso ta ɓoye adadin gashi, adadin nan shi ne abin tambaya.

Kalmomin da ke jikin kwali su ma kowace da nauyinta. Magani da FDA ta amince da shi ya nuna aiki a gwaji mai fanko. Mataji da hular leza, waɗanda na farkonsu ya samu izini a 2007, ta wata ƙofa dabam suke shiga, wadda sharuɗɗanta ba su kai na magani tsauri ba. Ƙwayoyin bitamin na gashi kuwa, dokar Amurka ta 1994 ta ba su damar shiga kasuwa ba tare da an fara tabbatar da aikinsu ba, shi ya sa suke cewa suna taimaka wa lafiyar gashi, ba sa cewa suna warkar da sanƙo. Biotin, nau'in bitamin da ya cika su, bai da amfani ga wanda ba ya da ƙarancinsa, kuma tun 2017 FDA ta yi gargaɗin cewa yawansa yana rikita sakamakon gwajin jini, har da wanda ake gano bugun zuciya da shi. Lambar NAFDAC a jikin man gashi ma rajista ce ta kayan, ba shaidar cewa zai tsirar da gashi a sanƙo ba. Man ganyen rosmeri da ya yi tashe ya dogara ne galibi a kan gwaji ɗaya na ƙasar Iran a 2015, mutum 100, an kwatanta shi da minoxidil mai ƙarfin kashi 2, kuma babu rukunin fanko.

Wata dabarar ita ce cakuɗa cututtuka. Daga 2022 zuwa 2024 an amince da sabbin ƙwayoyi uku, Olumiant da Litfulo da Leqselvi, kanun labarai suka ce an samu sabon maganin zubewar gashi. Haka ne, amma na wani ciwo ne dabam, wanda garkuwar jiki take afka wa saiwar gashi, ya zube faci-faci kamar an ɗora kwabo. Magunguna ne masu danne garkuwa, da gargaɗi mai ƙarfi kan kamuwa da cututtuka da daskarewar jini. Ba su da hurumi a sanƙon gado.

Saboda haka shakkar da mutane suke yi tana da tushe, kuma ba yau ta fara ba. A 1989 FDA ta haramta sayar da mayukan tsirar da gashi da ake saya ba takardar likita, domin babu wanda ya nuna yana aiki. Hatta Upjohn an hana shi sunan da ya fara zaɓa a Amurka, saboda ma'anarsa tana alkawarin dawo da abin da aka rasa, shi ya sa ake kiransa Rogaine a can, Regaine a wasu ƙasashe. An kuma shafe fiye da shekara 20 ana cewa saura shekara biyar a fara yaɗa saiwar gashi a ɗakin gwaji a dasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ga kuma tambayar da ake yawan jefawa, cewa in da magani ai da manyan attajiran duniya ba su yawo da sanƙo. Idan kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

Finasteride ya ƙara wa shakkar nauyi ta wata fuska. A gwajin farko kashi 3.8 cikin 100 na masu shan sa sun yi ƙorafin raguwar sha'awa ko ƙarfin namiji, masu fanko kashi 2.1. A 2012 aka ƙara a takardar maganin cewa wasu sun ce matsalar ta ci gaba bayan sun daina sha. A 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai a cikin illolin ƙwayar. Tsakanin waɗannan shekarun haƙƙin mallakar Merck ya ƙare, maganin ya yi araha, sai kamfanoni irin su Hims da Keeps suka taso a 2017 da 2018 suna aika shi gida bayan an amsa tambayoyi a waya, da kuɗin wata-wata. Tsohon magani ne a sabon kwali. Abin da ya ragu shi ne zama da likita a yi bayanin illa ido da ido. A Afrilun 2025 FDA ta yi gargaɗi kan finasteride na feshi da shafawa da ake haɗawa a irin wannan kasuwa, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba, kuma ana samun rahoton illoli irin na ƙwayar.

Sai dai shakka ma tana da nata farashin, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi tayar da hankali. Sanƙon gado ba ya tsayawa jira. Wani sinadarin jiki da ake kira DHT, wanda ake sarrafawa daga testosteron, wato sinadarin mazantaka, yana matse saiwoyin gaban kai da tsakiya ga wanda ya gaji saurin jin sa. Duk zagaye gashi yana fitowa ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma kamar gashin jariri, daga baya saiwar ta daina fitar da komai. Magungunan da ake da su sun fi ƙarfi wajen riƙe abin da ya rage, ba wajen dawo da filin da ya yi shekaru yana sheƙi ba. Saurayin da ya ga goshinsa na ja da baya yana ɗan shekara 24, ya ce duk ƙarya ce, ko ya ce zai jira sabon da ake ta shela, jiran gawon shanu yake yi, kuma kowace shekara yana asarar saiwoyin da da an iya ceto.

Ga wanda ya zaɓi ya gwada abin da aka tabbatar, yadda ake amfani da shi ne yake raba masu samun riba da masu cewa bai yi ba. Ruwan minoxidil mai ƙarfin kashi 5 mililita ɗaya ake ɗigawa sau biyu a rana ga maza, a kan fata busasshiya ba a kan gashi ba, a bar shi awa huɗu kafin wanka, a bari ya bushe kafin a sa hula ko a kwanta. Kwalbar mililita 60 ta wata ɗaya ce. Ninka adadin ba ya ninka gashi, sai dai ƙaiƙayi da saurin bugawar zuciya. Idan fata ta yi ja tana ɓarewa, galibi ruwan da aka narkar da maganin a ciki ne, kuma na kumfa ba ya ɗauke da shi. Wasu ba ya yi musu aiki ko kaɗan, domin sai wani sinadari a cikin saiwa ya juya shi zuwa siffar da take aiki, kuma ba kowa yake da isasshe ba. Idan aka daina, abin da aka samu yakan zube cikin wata 3 zuwa 4. Guba ne ga kyanwa, ko lasar matashin kai tana iya kashe ta. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. Finasteride miligiram 1 ne a rana, yana rage DHT na jini da kusan kashi 70, na maza ne, sai da likita, mai ciki ba ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa, kuma yana rage sakamakon PSA, wato gwajin jinin da ake duba furostet da shi, kusan rabi, don haka dole a gaya wa duk likitan da zai duba furostet. Ƙwayar minoxidil ta sha, wadda buƙatarta ta yi tashin gwauron zabi bayan wani rahoton jaridar New York Times a Agustan 2022, maganin hawan jini ce har yanzu. Tana iya kumbura ƙafa ta kuma sa zuciya gudu, ba abin saye a kemis ba ne.

Kafin duk wannan, sai an san wane ciwo ne. Faci mai ɓawo a kan yaro makero ne, maganin sha yake buƙata, ba mai ba. Gashin gaban goshi da ya ja baya ga mai yawan matsattsen kitso ko ƙarin gashi mai nauyi, ja ne ya cire shi, kuma yana dawowa ne kawai idan an sassauta tun kafin saiwa ta mutu. Akwai kuma wata zubewa da ta fi kama mata baƙar fata, tana farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, wani lokaci da zafi ko ƙaiƙayi, tana barin tabo a ƙarƙashin fata. Wannan likitan fata take buƙata da wuri, domin inda tabo ya kama babu abin da zai sake fitowa. Man kaɗanya da cebe na Chadi suna hana gashi karyewa, shi ya sa yake tsawo, amma ba sa taɓa saiwa, kuma watannin da aka ɓata ana shafa su a kan irin wannan ciwon ba sa dawowa.

Hoton kafin da bayan da ake talla da shi kuwa, kowa zai iya haɗa shi a rana ɗaya: na farko da jiƙaƙƙen gashi a ƙarƙashin fitila mai haske daga sama, na biyu busasshe an taje shi gaba a inuwa. Hanyar da mutum zai auna kowane magani, tsoho ko sabo, ita ce ya ɗauki nasa hoton a ranar farko: gaba, tsakiyar kai, da gefe biyu, da busasshen gashi, a wuri ɗaya, da haske ɗaya, da tsawon aski ɗaya. Ya fara abu ɗaya tak, domin wanda ya haɗa mai da ƙwaya da hular leza lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba, kuma zai ci gaba da biyan kuɗin ukun. Ya maimaita hoton a wata na 3, na 6 da na 12, ya ajiye su gefe da gefe. A sanƙon gado, idan hoton wata na 12 ya yi daidai da na ranar farko, maganin ya yi aiki, domin da an bar kan haka da ya ragu.